Yadda Ake Zama Masanin Tsofaffin Wasiƙun Ayilan a Ƙaura Namoda

Kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin damina ta kewayo za ka zama babban masanin tsofaffin wasiƙun ƙasar Ayilan da hatiman da ke jikinsu, tun daga Ƙaura Namoda har Shinkafi, ka haɗa da Zurmi. Ba wanda zai ja da kai, domin ba wanda ya san abin da kake magana a kai. Ni Bilyaminu, shekara talatin da ɗaya na yi ina buga hatimi a gidan waya kafin na yi ritaya, kuma ɗalibi ɗaya tak na taɓa yayewa a wannan fanni, abokina Muntari direba. Da labarinsa zan koyar da kai. Ya ce in dai ban faɗi lambar motarsa ba, bai damu ba.

Mataki na 1: Ka gaji akwati

Kada ka wahalar da kanka da nema. Masanin kirki ba ya nema, gada yake yi. Saboda haka tun da wuri ka tabbata mahaifinka ya taɓa yi wa Bature aiki.

Mahaifin Muntari, marigayi Nasidi, kuku ne na wani malamin makaranta ɗan Ayilan da ya zauna a Ƙaura bayan samun 'yancin kai. Ba wanda ya iya faɗin sunansa, sai ake ce masa Bature Mai Keke. Da zai tafi hutu gida ya bar wa Nasidi wata ƙaramar adaka ta ƙarfe, ya ce takardun kakanninsa ne, a ajiye masa zai dawo. Bai dawo ba. Nasidi ya gaji da jira, ya koma ƙauyensu a bayan Zurmi ya kama noma, adaka ta shige ƙarƙashin gadon matarsa, Inna Tani, ta yi shekara hamsin a can.

Shekara uku da suka wuce, da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen har noma ya gagara, Muntari ya shiga da kantarsa ta ɗaukar kaya da hantsi ya kwaso Inna da sauran dangi. Wuri ya yi ƙaranci a mota. An bar turmi, an bar gado, an bar rumbu da sauran gero a ciki. Da aka zo kan adaka, Muntari ya ce a bar ta.

"Auta," in ji Inna, haka take kiransa, "ko dai da ni da ita, ko ka tahi da sauran."

Aka sauke buhun wake aka ɗora adaka.

Ka lura da darasin nan: kayan tarihi ba sa zuwa hannun mai son su. Hannun wanda ya so a bar su a baya suke zuwa.

Mataki na 2: Ka san inda Ayilan take, amma kada ka zurfafa

Da Muntari ya buɗe adakar a gidansa da ke Ƙaura, ya sa ran ko tsohon agogo ne, ko 'yan kuɗin azurfa. Sai ya tarar da takardu arba'in da uku, sun yi launin ruwan shayi, an ɗaure su da zare, an jera busasshen ganyen darbejiya da barkono a tsakaninsu. Dabarar Inna ce, don gara. Ya kwaso guda uku a aljihu ya same ni a rumfar mai shayi ta bakin tasha.

"Malam Bilya, kai ne ka tsuhwa cikin takardu. Waɗanga na mi ne?"

Na duba, na ga an buga sunan Dablin a bayan ɗaya. Na ce masa daga Ayilan suke.

"Ina ne nan?"

"Ka san dankalin Arish?"

"Wanda nika ɗauko daga Gusau?"

"To, garinsu ne."

Wannan ya isa. Duk wanda ya tambaye ka Ayilan, ka ce garin su dankalin Arish ne, tsibiri ne, ruwan sama ba ya ɗaukewa. In ya ƙara tambaya, ka dubi agogo ka ce lokacin salla ya gabato. Ko da ƙarfe goma na safe ne, akwai walha.

Mataki na 3: Kada ka karanta wasiƙa

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar, ka riƙe shi da kyau. Mai karanta wasiƙa ɗan koyo ne. Masani bayanta yake dubawa.

Ga abin da za ka haddace, ka riƙa faɗa kana lumshe ido. A da can babu ambulan. Mutum zai rubuta takardarsa, ya ninke ta, ya ɗiga jan danƙo ya like, ya rubuta adireshi a bayanta. Babu kan sarki kuma, sai daga baya aka ƙirƙiro shi. Ma'aikacin gidan waya zai buga sunan garinsu da hatimi, wani lokaci har da lambar da ke nuna mil nawa ne daga garin zuwa Dablin. Wani zai ƙara ɗan zagayayyen hatimi mai ɗauke da wata da rana. Sannan a rubuta kuɗin ɗauka da alƙalami a gaba, kuma galibi wanda aka aika wa ne zai biya kafin a miƙa masa.

Da na kai nan Muntari ya ajiye kofin shayinsa.

"Wato in aiko maka da zagi, kai za ka biya ka amsa?"

"Ƙwarai."

"Mutanen ga sun san duniya," in ji shi.

Daga ranar ya kamu.

Mataki na 4: Ka tanadi kayan aiki

Ilimi ba ya ganuwa daga nesa, kayan aiki su ake gani. Kana bukatar gilashin nan mai ƙara girman abu, irin na masu gyaran agogo. Kana bukatar matsefata, don masani ba ya taɓa takarda da yatsa. Kana bukatar farar safar hannu. In babu, ta roba da ake sayarwa a kemis ta wadatar, sai dai ka shirya, mata za su riƙa tsayar da kai a hanya suna tambayar ranar rigakafi.

A lokacin injin kantar Muntari ya riga ya buga, motar na kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Mutum goma sha huɗu ke cin tuwo a gidansa, nasa da na ƙauye. Wani zai ce lokacin neman aiki ne. Muntari ya ga lokacin bincike ne. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa farin ƙyalle a kan bencin majalisa, ya sa safa, ya ɗago takarda da matsefata, ya kafa mata gilashi, ya yi shiru na minti biyar. Daga nan sai ya karanto sunan garin da ke jikin hatimin, ya ce, "Hmm. Silaigo." Ya ajiye. Ya ɗago wata. "Balina. Wagga ta sha hanya."

Shirun ya fi maganar muhimmanci. Ka yi ta atisayensa a gida.

Cikin wata guda 'yan tasha suka daina ce masa Muntari Kanta, suka koma Muntari Arish. Bai ji haushi ba. Ya ce ko jami'a sai ta ba mutum suna.

Mataki na 5: Ka faɗaɗa tarin, ka sha cuta

Ba a zama masani sai an cuce ka aƙalla sau ɗaya. Ka yi ƙoƙari abin ya faru da wuri, tun ba ka da abin hannu sosai.

Muntari ya sa a ransa cewa tunda Bature ɗaya ya bar adaka, to sauran ma sun bari. Ya hau motar haya ya tafi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya bi rumfunan 'yan gwangwan da masu tsofaffin kaya yana cigiyar tsofaffin wasiƙun Turawa. Kafin azahar labari ya zaga kasuwa cewa ga wani mutumin Ƙaura yana sayen tsohuwar takarda. Aka kawo masa katin awon ciki. Aka kawo sammacin kotu na rikicin gona. Wata tsohuwa daga Badarawa ta kawo sakamakon jarrabawar ɗanta na aji uku, ta ce in ba zai saya ba ya dai faɗa mata ko yaron ya ci, don shekara ashirin ke nan yana ce mata shi ya zo na ɗaya. Muntari ya duba, ya ga na talatin da takwas cikin arba'in. Ya ce mata yaro ya yi ƙoƙari.

Mako biyu bayan haka wani mutum mai suna Sirajo ya zo har gida daga Moriki, ya ja Muntari gefe, ya zaro takarda daga cikin hularsa. Ta yi ja, ta yi laushi, ga hatimi ɓaro-ɓaro. Muntari ya ba shi tunkiya ɗaya daga cikin biyun da aka tsira da su daga ƙauye, ya garzayo wurina yana haki.

Na shinshina takardar. Ƙamshin citta da kanumfari ya buge ni. A shayi aka jiƙa ta, kuma shayin mai kayan yaji. Hatimin da tsohon silifa aka sassaƙa shi, har ana ganin zanen tafin takalmin a gefe. Rubutun da biro aka yi. A ƙasa an sa shekarar 1790, a sama kuma, da ka ɗaga ta a rana, ga layukan littafin makaranta.

"Ba ta yi ba?" in ji Muntari.

"Ta yi ƙamshi," na ce.

Kada ka jefar da irin wannan. Ka ajiye ta a leda daban, ka riƙa nuna wa baƙi a matsayin misalin yadda ake cutar waɗanda ba su sani ba. Ba sai ka faɗi sunan wanda aka cuta ba.

Mataki na 6: Ka nemo Bature

Duk ilimin da Bature bai gyaɗa masa kai ba, a garinmu sha'awa ce kawai. Don haka ka auri mai ilimi tun da wuri. Matar Muntari, Malama Barakatu, Turanci take koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma ta gaji da ganin mijinta da safar roba. Ta ɗauki hotunan bayan wasiƙun da wayarta, ta saka a wani zauren masu tara irin waɗannan kaya a intanet, da niyyar a ce musu shara ce kowa ya huta.

Kwana biyu sai ga saƙo daga wani dillali a Dablin. Ya nemi a yi magana ta bidiyo. Muntari ya sa babbar riga, ni na sa hular da na yi ritaya da ita, muka zauna a zaure inda sabis ya fi ƙarfi, Barakatu na fassara.

Tsoho ne mai jar fuska, da tabarau a kan goshi. Aka riƙa nuna masa ɗaya bayan ɗaya yana cewa da kyau, da kyau, kamar likita a layin marasa lafiya. Da aka zo kan wata 'yar ƙarama mai yagaggen gefe, sai ya sauko da tabaraun.

"Ya ce a matso da ita," in ji Barakatu. "Ya ce a juya. Ya ce, don Allah, a daina riƙe ta da abin cire ƙaya."

Hatimin wani ƙaramin ƙauye ne kusa da Balina, baƙi, ya ɗan karkace, shekarar 1847. Dillalin ya ce a rayuwarsa sau biyu ya taɓa ganin irinsa. Ya faɗi abin da zai bayar a kan ita kaɗai. Ba zan maimaita ba, don kada ka fasa adakar uwarka yau. Abin da zan ce shi ne, Muntari ya leƙa ta ƙofar zaure ya dubi kantarsa, ya daɗe yana dubanta.

Ka lura, dillalin bai tambayi me aka rubuta a ciki ba. Cikakken masani ke nan.

Da aka kashe waya Muntari ya juyo wurina. "Malam Bilya, amma fa amana ce aka ba Baba."

A nan ne za ka ga amfanin aboki irina. Na ce masa amanar da ta wuce shekara hamsin ta zama gado. Wannan fatawa tawa ce ni kaɗai, na tsara ta a zauren nan take. Kada ka kai ta gaban limami da sunana.

Mataki na 7: Ka hana masu ilimi zama da takardar

Ga inda ɗalibina ya yi sakaci, kuma saboda wannan matakin na rubuta duk sauran.

Washegari da hantsi za mu tafi neman kwalin da za a aika wasiƙar a ciki. Muntari ya bar ta a kan tabarma a tsakar gida, ya shiga ɗaki neman hula. Ranar Asabar ce, Barakatu ba ta da makaranta. Inna Tani na zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Ni ina bakin zaure, an ce in shigo in gaida Inna. Ina durƙushe ina gaisuwa na ga Barakatu ta warware ninkin takardar a hankali.

"Ɗiyata, mi anka rubuta ciki?" in ji Inna. "Shekara hamsin ina kwana bisa abin ga, ban san ko zagina aka yi ba."

"Inna, rubutun da wuyar karantawa. Wata mata ce take wa ɗanta, yana aiki a Ingila. Sunansa Maikel."

"Mika'ilu," Inna ta gyara mata.

"Ita ba ta iya rubutu ba, malamin makarantar garinsu ne ya rubuta mata. Ga inda ta sa alama da hannunta."

"Awa ni ke nan. Karanta."

Barakatu ta riƙa bin layi da yatsa, tana tsayawa, tana juya shi da Hausa.

"Ta ce, ɗana, dankali ya sake ruɓewa a cikin ƙasa. Abin da muka ajiye na iri mun cinye. Na sayar da saniyar. Cikin gidaje ashirin na garin nan, shida ne kawai hayaƙi ke fita daga cikinsu. Maƙwabtanmu sun ja ƙofa sun tafi ba su yi mana sallama ba, ina jin kunya ce ta hana su. Ƙanwarka ta ce mu ma mu kama hanya. Ni kuma ina tunanin wa zan bar wa kabarin babanka."

Inna ta daina ɓarar gyaɗa.

"Ta ce, in mun tafi zan kulle ɗakin in rataya makullin a wuyana, ko da babu abin ɗauka a ciki. Ta ce, ka yi haƙuri da kuɗin da za ka biya kafin a ba ka takardar nan, ba ni da abin biya daga nan."

Muntari ya fito da hula a hannu, ya tsaya. Ba wanda ya dube shi. Inna ta kai hannu gefen zaninta, ta kwance wani ƙulli, ta fito da ɗan makulli irin na kwaɗon Sin, ta ajiye a kan tabarma kusa da takardar. Ni ban san tana da shi ba. Daga baya Muntari ya ce shi ma bai sani ba. Ɗakin da makullin ke buɗewa, an ce tun bara aka ƙone shi.

"Wagga mata 'yar garinmu ce," in ji Inna. "Mi as sunanta?"

"Birijit."

"Birjitu. To, ta kai wurin yaron?"

"Takardar ba ta faɗa ba, Inna. Nan ta ƙare."

"Ku duba sauran."

Mataki na 8: In aka nemi iliminka na gaskiya, ka ce ba ka da lafiya

Ni ban yi wannan dabarar ba, shi ya sa nake ba ka ita kyauta.

Wasiƙu arba'in da uku, a cakuɗe, wasu ruwa ya taɓa kwanan watan da ke ciki, wasu ba a ma rubuta ba. Barakatu ta ce ba ta san ta inda za ta fara ba. Inna ta juyo ta dube ni.

"Kai ba aikinka ba ne? Ko hular ce kawai?"

Haka na zauna a tsakar gidan mutane, na cire hular, na karɓi gilashin Muntari. Kwana uku muna yi, daga hantsi zuwa la'asar. Na bi hatimi ɗaya bayan ɗaya, na ware waɗanda suka girmi Birjitu, na ware na bayanta, na jera na tsakiya bisa shekara da wata. Ban taɓa aiki da zuciya ɗaya haka ba, har a lokacin da ake biyana albashi. Ina miƙa wa Barakatu tana karantawa, Inna na saurare, matan da aka kwaso daga ƙauye suka bar abin da suke yi suka zagaye tabarmar. Dillali ya kira sau huɗu. Muntari na ganin kiran yana mai da wayar aljihu, fuskarsa kamar mai ciwon haƙori.

Bayan waccan wasiƙar, babu wata daga Birjitu. Shekarar ta ƙare, ta gaba ta shige, shiru. Wata daga cikin matan ta fara sharar hawaye, Inna ta ce mata ta bari tukuna, ba a gama ba.

A rana ta uku na ɗago wata mai hatimin Balina, shekarar 1850, zuwa ga Mika'ilu dai. Daga ƙanwarsa ce. Ta yi aure a garin, tana ba shi labarin jaririnta da tsadar gari. Barakatu ta kai ƙasan takardar, ta sake karantawa a zuci.

"Ta ce, ka gaida Mama. Ka ce mata ta riƙa rufe ƙirjinta, an ce garinku akwai hayaƙi. Ka ce mata na je ƙauye, rufin ɗakin ya faɗa, amma na share kabarin."

"Ta kai," in ji Inna.

"Ta kai, Inna."

"Ta koma gida daga baya?"

Na duba sauran da suka rage, guda bakwai. Barakatu ta karanta su duka. Ba a sake ambaton ƙauyen ba.

Inna ta ɗauki makullinta ta mai da shi gefen zani ta ƙulle. Ta jawo kwanon gyaɗarta.

Mataki na 9: Kada ka yi ciniki da uwarka

Muntari ya gwada. Ya jira aka watse, ya durƙusa gabanta, ya yi bayani tiryan-tiryan: injin mota, bakuna goma sha huɗu, takarda ɗaya tak cikin arba'in da uku, kuma Baturen ba zai ci ta ba, a gilashi zai sa ta.

"Ya tambayi Birjitu?" in ji Inna.

"Shi hatimin yake so, Inna."

"To a yanke mishi hatimin."

"In an yanke ta lalace."

"Ashe ya san ba a raba su." Ta watsa ɓawon gyaɗa a kwando. "Auta, ubanka bai sai da ba, yana da yunwa. Ni ban sai da ba, ina da taka yunwar. In jikokin Mai Keke sun zo, ka ba su kayansu, ka ce mun karanta, su yahe muna. In ba su zo ba, ka ba naka ɗiyan su aje."

Da dillalin ya sake kira, Barakatu ta gaya masa ba za a sayar ba, ta kuma roƙe shi ya taimaka da cigiyar dangin Mai Keke. Ya ce zai gwada. Sannan ya ce bari ya ƙara a kan tayinsa. Kafin ta fassara, Muntari ya miƙa hannu ya kashe wayar.

"Kada in ji," in ji shi. "In na ji, ba ni barci har in mutu."

Yanzu yana tuƙa motar wani Alhaji, Ƙaura zuwa Gusau, ana ba shi na abinci. Kantar na nan kan duwatsu. Har yau ba a samu dangin Mai Keke ba.

Mataki na 10: Ka shirya, tarin zai ƙaru ta inda ba ka so

Bayan sati guda Inna ta aika a kira ni. Na tarar da Barakatu da farar takarda da biro, Inna na faɗa tana rubutawa, da Hausa. Ta faɗi sunan ƙauyensu da na unguwarsu. Ta faɗi gidaje nawa ne, da waɗanda suka fara tashi, da waɗanda aka kashe a gona, kowa da sunansa da na ubansa. Ta faɗi inda kabarin Nasidi yake, daga tsamiya taku kaza zuwa gabas. Ta faɗi buhun waken da aka sauke. A ƙarshe ta ce a rubuta: mun iso Ƙaura ranar Talata, dukanmu, ba wanda ya ɓace a hanya.

Ta dangwala yatsa a tawada ta sa a ƙasa. Ta sa na ninke takardar irin ninkin mutanen da, ba ambulan, aka like da danƙon kyandir.

"Inna, wa za a aika wa?" na tambaya.

"Nan gidan. Ka kai inda kuka buga abin ga, a buga mata na Ƙaura, da rana da wata, ya hito sosai. Kada wani ya zo bayan shekara ɗari yana wahala awa kai."

Na kai da kaina. Na roƙi ma'aikacin da ke kan kanta ya bar ni in buga, ya miƙo mini hatimin yana dariya. Na gyara kwanan wata, na hura masa iska, na danna da duk ƙarfina. Ya fito tsaf. Kwana biyu aka kawo ta gidan da ta fito, Inna ta karɓa ta juya ta, ta sa ganyen darbejiya, ta ajiye a adaka.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin shawararsa. In ka rasa tunkiya, tsakaninka da mutumin Moriki. In motarka ta tsufa a kan duwatsu, tsakaninka da uwarka. In ka buɗe tsohuwar takarda don neman arziki ka tarar da 'yan garinku a ciki, ni na ce maka kada ka karanta, kuma a rubuce yake. Masu ƙorafi kada su zo gidana. Su same ni rumfar mai shayi, amma ba ranar Juma'a da yamma ba. Ranar nake zuwa gidan Muntari, don matan unguwa da aka kwaso daga ƙauyuka sun ji labari, kowace na zuwa da farar takardarta, kuma an ce ninkin ba ya kyau sai nawa.